BABI NA TARA: GADO DA CIWON ƘODA A TSAKANIN AL'UMMUN AFIRKA TA YAMMA

9.0 Gabatarwa

A ƙasashen noma na kudancin Jihar Katsina, wato Funtua da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ɗanja da kewayensu, ba baƙon abu ba ne a ji cewa wani magidanci da bai wuce shekara arba'in ba ya kumbura, an kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, likitoci sun ce ƙodarsa ta daina aiki. Da zarar labarin ya iso gida sai a shiga neman dalili. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce jifa, wasu kuma su tuna cewa mahaifinsa ma da kumburi ya rasu, saboda haka abin gado ne. Wannan babi zai ɗauki magana ta ƙarshe ya auna ta da abin da masana kimiyya suka gano. Za a ga cewa lallai akwai hannun gado a cikin ciwon ƙoda a tsakanin mutanen da asalinsu ya fito daga Afirka ta Yamma, sai dai abin da ake gada ba ciwon kansa ba ne, kuma rabon da kowace al'umma ta samu na wannan gado ba ɗaya ba ne.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana aikin ƙoda da yadda take lalacewa;
(b) bambance tsakanin gadon cuta da gadon raunin da ke buɗe wa cuta ƙofa;
(c) kawo bayanin ƙwayar gado ta APOL1 da dangantakarta da ciwon barci;
(d) faɗin matsayin Hausawa a cikin sakamakon binciken da aka gudanar;
(e) isar da wannan bayani ga yara da iyayensu cikin Hausa karɓaɓɓiya.

9.2 Ƙoda da Aikinta

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a kwiɓinsa ta wajen baya, kowacce girmanta bai wuce dunƙulen hannunsa ba. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya iya gani. Aikinsu ya yi kama da na rariya ko matacin koko: suna riƙe abin da jiki yake buƙata, kamar ƙwayoyin jini da furotin, su bar dattin jini da rarar ruwa da gishiri su wuce. A kowace rana ƙoda tana tace ruwan jini da ya kai lita 180, ta mayar da kusan dukkansa cikin jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Bayan wannan, ƙoda tana taimakawa wajen daidaita bugun jini, da ƙarfafa ƙashi, da kuma zaburar da ɓargo ya samar da sabon jini.

Idan matatan nan suka ɗauki fiye da wata uku suna cikin rauni, likitoci kan ce mutum ya kamu da ciwon ƙoda mai daɗewa. An kasa ciwon zuwa matakai biyar. A mataki na biyar aikin ƙoda ya faɗi ƙasa da kimanin kashi 15 cikin ɗari, kuma a nan ne ake maganar wankin ƙoda ko dashenta. Hausawa na cewa jiki magayi, amma a nan jiki ba ya saurin faɗa. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana noma yana cin kasuwa bai ji komai ba. Kafin kumburin fuska da ƙafa, da kasala, da tashin zuciya, da ƙaiƙayin jiki su bayyana, yawanci ɓarna ta riga ta yi nisa.

9.3 Ma'anar Gado a Harshe da a Kimiyya

A rubutun yau da kullum kalmar gado tana ɗaukar ma'ana biyu, tsawon wasali da karin sauti ne suke bambance su: akwai gado na kwanciya, mai gajeren wasali a gaɓar farko, akwai kuma gado na abin da aka samu daga magabata, mai dogon wasali a gaɓar farko da karin sauti ƙasa a ta biyu. Na biyun shi ne abin nazari a nan. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba dukiya da sarauta da sana'a kaɗai ake gada ba, har da kama da hali da lafiya. Shi ya sa yake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kimiyya ta bayyana hanyar da wannan gado yake bi. Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowacce akwai wasu zarurruka guda 46 da ake kira kuromosom, an jera su biyu-biyu har jeri 23. A kowane jeri, zare ɗaya daga uwa yake, ɗaya daga uba. A kan waɗannan zarurruka ne ƙwayoyin gado kimanin 20,000 suke, kowacce tana ɗauke da umurnin yadda jiki zai haɗa wani furotin. Ke nan mutum yana da kwafi biyu na kusan kowace ƙwayar gado. Wani lokaci akan sami sauyi a cikin umurnin, kamar yadda mai kwafar littafi da hannu zai musanya harafi ɗaya, masu kwafa daga wurinsa su ci gaba da maimaita shi. Irin wannan sauyi kan bi zuriya har tsawon dubban shekaru.

A nan ya wajaba a rarrabe abu biyu. Na farko shi ne gadon cuta, inda samun kwafi biyu masu sauyi yake nufin cutar za ta bayyana, kamar yadda ake gani a amosanin jini, wato sikila. Na biyu shi ne gadon rauni, inda mutum yake gadon abin da ke ƙara masa haɗarin kamuwa da cuta, amma yana iya tsufa ya mutu ba ta taɓa shi ba. Mafi yawan abin da za a tattauna a gaba na rukuni na biyu ne.

9.4 Gano Ƙwayar Gado ta APOL1

Likitoci a Amurka sun daɗe suna lura da cewa baƙaƙen fatar ƙasar sun fi farare faɗawa mutuwar ƙoda har ninki uku zuwa huɗu. Talauci da rashin samun kulawar asibiti da yawan hawan jini sun bayyana wani ɓangare na wannan tazara, amma ba su bayyana ta duka ba. A shekarar 2008 bincike ya nuna cewa amsar tana wani yanki na kuromosom na 22. A shekarar 2010 kuma ƙungiyar masana da ta ƙunshi Giulio Genovese da Martin Pollak ta gano ainihin wurin, wato ƙwayar gado mai suna APOL1. Sun sami sauye-sauye iri biyu a cikinta, suka raɗa musu suna G1 da G2. Wanda ba shi da ko ɗaya ana cewa yana da G0.

Wanda ya gaji kwafi biyu masu sauyi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, shi ne ke cikin babban haɗari. Idan uwa da uba kowannensu yana ɗauke da kwafi ɗaya, to, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta a haifi ɗa mai kwafi biyu. Furotin ɗin da sauyin ke haifarwa yana huda ƙwayoyin halittar da ke lulluɓe da matatan ƙoda, sai rariyar ta soma yoyon furotin cikin fitsari, daga baya ta yi tabo ta toshe. An ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka suna da kwafi biyu. Dalilin haka a fili yake: yawancin kakanninsu daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma aka kwashe su a zamanin cinikin bayi, kuma a nan ne sauyin ya fi yawa a duniya. A ƙasar Habasha, alal misali, kusan babu shi.

9.5 Dangantakar APOL1 da Ciwon Barci

Abin tambaya shi ne, me ya sa sauyi mai cutarwa zai yaɗu haka maimakon ya ɓace? Amsar tana wurin ƙudan tsando. Wannan ƙuda shi ke yaɗa ƙwayar cutar da ke sa shanu sammore, danginta kuma su sa mutane ciwon barci. Aikin furotin na APOL1 a cikin jinin ɗan Adam shi ne fasa irin waɗannan ƙwayoyin cuta, shi ya sa mutum ba ya kamuwa da sammoren da ke kashe saniyarsa. To, amma nau'i biyu na ƙwayar cutar sun sami hanyar kauce wa wannan kariya, ɗaya a gabashin Afirka, ɗaya a yammaci da tsakiyarta, kuma su ne masu jawo ciwon barci. Bincike ya nuna cewa G2 yana ba da kariya daga nau'in gabas, G1 kuma yana rage tsananin nau'in yamma. A wuraren da ciwon barci ya yi ta kashe mutane, masu ɗauke da sauyin sun fi rayuwa su hayayyafa, don haka zuriyarsu ta yawaita.

Ciwon barci ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1930 ya addabi sassan lardin Zazzau, har gwamnatin mulkin mallaka ta tsara shirin Anchau, inda aka sassabe kurmin bakin rafuka, aka tashi mutane daga wasu ƙauyuka, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Daga baya aka kafa cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna. Sai dai ƙudan tsando ya fi son inuwa da danshi, saboda haka ya fi yawa a kurmin kudu fiye da filin saharar arewa.

Ɗalibi zai lura cewa wannan labari ya yi kama da na sikila. A shekarar 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai kwafi ɗaya na sikila, wato AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, alhali mai kwafi biyu, wato SS, shi ke fama da ciwo. A duka biyun, garkuwar da ta tsare kakanni daga wata annoba ita ce ta zamar wa wasu jikoki nauyi.

9.6 Matsayin Hausawa a Cikin Binciken

Sau da yawa akan yi maganar "mutanen Afirka ta Yamma" kamar dangi ɗaya ne. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna ba a taru an zama ɗaya ba. Masana daga wannan asibiti da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, cikinsu har da Dokta Usman Wudil da Farfesa Muktar Aliyu, sun gwada manyan mutane 2,458 masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau waɗanda suke shan magani, suka wallafa sakamakon a shekarar 2021. Gaba ɗaya kashi 6.2 cikin ɗari ne suke da kwafi biyu. Da aka rarraba su bisa ƙabilar da kowa ya faɗa da bakinsa, sai aka sami kashi 2.1 a cikin Hausawa da Fulani, kashi 14.5 a cikin Yarbawa, da kashi 49.1 a cikin Ibo. An kuma ga cewa masu kwafi biyu sun fi sauran yoyon furotin a fitsari da raunin aikin ƙoda.

Wani bincike mafi girma ya biyo baya a ƙarƙashin shirin H3Africa, wanda Farfesa Rasheed Gbadegesin da Farfesa Dwomoa Adu da abokan aikinsu suka fitar a ƙarshen shekarar 2024. An nazarci mutane 8,355 a Ghana da Nijeriya, fiye da rabinsu masu ciwon ƙoda. Kashi 43 cikin ɗari suna da kwafi ɗaya, kashi 29.7 suna da biyu. An gano cewa kwafi biyu na ƙara haɗarin ciwon ƙoda da kashi 25 cikin ɗari, kuma ko kwafi ɗaya ma yana ƙara shi da kashi 18, saɓanin yadda aka ɗauka a da cewa mai kwafi ɗaya ya kuɓuta sarai. Ya kamata a kula cewa waɗannan alƙaluma na mutanen da aka gwada ne, ba na dukkan jama'ar ƙasashen biyu ba.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, sauyin yana nan a cikin Hausawa amma da ƙaranci, don haka ba zai yiwu a ɗora masa yawancin mutuwar ƙodar da ake gani a Funtua ko Malumfashi ba. Na biyu, sunan ƙabila ba takardar gwaji ba ce. Hausa harshe ne da al'ada da suka haɗiye al'ummu masu yawa ta hanyar fatauci da auratayya da ƙaura, kuma gari kamar Funtua, wanda jirgin ƙasa da cinikin auduga suka tara wa jama'a daga ko'ina, shaida ne a kan haka. Gwajin jini kaɗai ke iya nuna abin da mutum ya gada.

9.7 Abubuwan da ke Farkar da Rauni

Ko a cikin masu kwafi biyu, kimanin huɗu cikin biyar ba sa kamuwa da ciwon ƙoda. Masana sun bayyana cewa ana buƙatar bugu na biyu kafin ciwon ya tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, amma tsagar kaɗai ba ta rushe ɗaki. Mafi tsanani a cikin masu farkar da raunin ita ce cutar ƙanjamau da ba a sha mata magani, kuma an ga irin haka a wasu masu cutar korona tun daga shekarar 2020.

A ƙasashen noma na kudancin Katsina akwai wasu abubuwan da ke gajiyar da ƙoda, ko mutum yana da gadon rauni ko ba shi da shi:

(a) Hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ne manyan musabbaban mutuwar ƙoda a duniya, kuma sukan daɗe a jiki ba a sani ba.

(b) Amosanin jini. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne. Masu SS sukan sami lalacewar ƙoda tun da ƙuruciya, masu AS ma haɗarinsu ya ɗan ɗara na sauran jama'a. Ga Bahaushe, wannan gado ya fi na APOL1 kusa da ƙofar gida.

(c) Tsargiya, wato fitsarin jini. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun gudanar da dogon bincike a ƙasar Malumfashi, suka tabbatar da yaɗuwarta, musamman a tsakanin yara maza masu wanka a kududdufi da madatsun ruwa. Idan ta daɗe takan toshe hanyar fitsari, fitsarin ya koma ya danne ƙoda.

(d) Aiki cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwan sha ba. An sami yawaitar ciwon ƙoda a tsakanin masu saran rake a Nikaraguwa da Elsalbado, waɗanda ba su da hawan jini ko suga, kuma ana danganta shi da zafi da ƙishirwa na yau da gobe.

(e) Shan magungunan kashe ciwon jiki barkatai, irin haɗin da ake saye a kasuwa bayan an taso daga gona, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da feshin maganin ciyawa da na ƙwari ba tare da kare jiki ba.

A ɗauki misalin 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda duka suka gaji rauni iri ɗaya. Ɗaya yana auna jininsa, ya rage gishiri, yana tafiya gona da gorar ruwa. Ɗayan kuma kullum da yamma sai ya sha haɗin ciwon jiki, bai taɓa sanin yana da hawan jini ba. Gadonsu ɗaya ne, amma ba lallai ƙarshensu ya zama ɗaya ba.

9.8 Magani da Rigakafi

Idan ƙoda ta mutu hanya biyu ce ta rage. Wankin ƙoda yana buƙatar zama a kan na'ura kimanin awa huɗu, sau uku a mako, har iyakar rayuwa. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, amma ga manomin da zai biya kuɗin mota zuwa Zariya ko Katsina ko Kano a kowane mako, amfanin gonar shekara bai isa ya riƙe shi ba. Hanya ta biyu ita ce dashe, wanda aka fara yi a Nijeriya a Legas a shekarar 2000, Asibitin Malam Aminu Kano kuma ya fara a 2002. A nan ma maganar gado tana shigowa, domin yawanci ɗan'uwa na jini ne ke ba da ƙoda, kuma mai yiwuwa shi ma yana ɗauke da raunin da ya kayar da ɗan'uwansa. Shi ya sa ake tsananta binciken mai bayarwa. A shekarar 2023 an wallafa sakamakon gwajin farko na wani magani mai suna inaxaplin, wanda ke toshe ɓarnar furotin na APOL1, inda ya rage yoyon furotin da kusan rabi a cikin 'yan tsirarun majinyata da aka gwada.

Duk da haka, rigakafi ya fi magani, kuma ya fi araha. Awon jini da gwajin furotin a fitsari abubuwa ne da ƙananan asibitoci ke iya yi. Wanda a gidansu aka taɓa samun mutuwar ƙoda, musamman a kan matashi, shi ya fi cancanta ya riƙa yin su ko da sau ɗaya a shekara. Fitsari mai kumfar da ba ta saurin kwantawa alama ce da bai kamata a raina ba.

9.9 Nauyin da ke Kan Malami

A ƙauyuka da yawa malamin makaranta shi ne wanda ake tambaya ma'anar abin da aka ji a rediyo. Kalmar da ya zaɓa tana iya kai mutum asibiti, tana kuma iya zaunar da shi a gida. Idan ya ce "ciwon ƙoda gado ne", mai sauraro zai fahimci cewa babu makawa, ya sallama, ko kuma a soma ƙyamar neman aure a wani gida. Idan kuwa ya ce "akan gaji raunin ƙoda, amma kulawa na hana shi zama ciwo", ya faɗi gaskiya kuma ya bar ƙofar neman lafiya a buɗe. Haka nan bai dace ya mayar da alƙaluman ƙabilu abin gori a cikin aji ba, tun da sauyin da ake magana a kansa garkuwa ce da ta ceci rayuka. Ya kuma fayyace wa iyaye cewa gwajin jinin da ake yi kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a shekarar 2024, yana nuna sikila ne, ba ya nuna APOL1.

9.10 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda ƙoda take aiki da yadda take lalacewa a ɓoye. An bayyana cewa sauye-sauyen G1 da G2 sun yaɗu a Afirka ta Yamma ne saboda kariyar da suka bayar daga ciwon barci, kuma binciken Kano ya nuna ƙarancinsu a cikin Hausawa da Fulani idan aka kwatanta da al'ummun kudu. Saboda haka manomin Funtua ko Malumfashi da ya ji maganar gado bai kamata ya karaya ba, kuma ƙarancin sauyin a cikin al'ummarsa ba dalilin sakaci ba ne, domin hawan jini da sikila da tsargiya da shan magani barkatai suna tare da shi. Ba wanda ya zaɓi abin da ya gada, amma kula da shi yana hannun magaji.

9.11 Auna Fahimta

1. Bayyana ayyuka uku na ƙoda, sannan ka faɗi dalilin da ya sa ciwonta ba ya saurin bayyana.
2. Mene ne bambanci tsakanin gadon cuta da gadon rauni? Kawo misali ɗaya na kowanne.
3. Yi bayanin dangantakar ƙudan tsando da ciwon ƙoda.
4. Wane darasi za a koya daga sakamakon binciken da aka yi a Kano?
5. Kawo karin magana uku na Hausa da suka shafi gado waɗanda ba a ambata a babin ba, ka nuna ko sun dace da bayanin kimiyya.
6. Tsara jawabi na minti biyar da za ka gabatar a taron iyayen yara da malamai a wata makarantar ƙauye, a kan kula da lafiyar ƙoda lokacin aikin gona.